Hula a Kan Makunni

"Sake faɗi! In ka isa, sake faɗi a gaban mutane!"

"Na sake. Kai ka ci yatsun ƙanena, Badaru. Inji bai da hannun da zai kunna kanshi."

Shehu ke nan, yayan Harisu, ya shaƙo wuyan rigar Badaru a ƙofar injin Alhaji Sharafaddeen, da hantsin Laraba. Ni kuwa ina kan tabarmata da ludayi a hannu, kunu na hucewa, ko a jikina. Shekara tara ina sayar da kunun tsamiya da ƙosai a ƙofar nan, bakin hanyar da ta bar Kankia ta nufi Kusada, ban taɓa samun kallo irin na makon nan ba.

Injin ba na tuwo ba ne, na abincin dabbobi ne. Masara, waken soya, dusa, ƙuli-ƙuli, a niƙe a gauraya a ɗura a buhu. Masu kaji da masu turkar raguna har daga Yashe da Sukuntuni nan suke zuwa. Kuma gidan yana da doka guda wadda ko sabon lebura ya sani. In aka ɗauke wuta inji na cikin aiki, kaya sukan cushe masa a maƙogwaro, dole wani ya zura hannu ya ƙwaƙulo. To kafin ka zura, sai ka sauke makunni, ka cire hularka ka rataya a kansa. Makunnin yana can lungu bayan tulin buhuna, daga wurin ba a hangen mai aiki. Hula a kan makunni tana nufin akwai hannu a ciki. Ko Alhaji bai isa ya taɓa ba sai mai hular ya zo ya cire abarsa.

Ran Litinin kafin azahar aka ɗauke wuta. Harisu ya zura hannu. Aka kawo wuta, Badaru ya shigo da buhu a ka, ya ga ƙwan lantarki ya haska, ya ɗaga makunni. Ihun da na ji, har yau yana cikin kunnena. Yatsu uku na hannun dama, daga manuniya zuwa mai bin ta tsakiya. A tsumman buhu aka naɗe hannun aka tafi asibiti.

Harisu ya rantse ya rataya hula. Badaru ya rantse makunnin tsirara ya tarar. Hular kuwa ko sama ko ƙasa.

Gari bai sha wahalar zaɓe ba. Badaru shekara goma sha ɗaya yana gidan. Da aka kawo sabon inji bara, sai Alhaji ya damƙa shi ga Harisu mai shekara biyu kacal a gidan, wai shi ke iya karanta rubutun da ke jikinsa. Ranar, a gaban tukunyata, Badaru ya ce, "To, mu gani in boko na niƙa masara." Mutum uku ne suka ji. Kafin magariba ta Litinin Kankia duka ta ji. Ba sai na faɗi wanda ya kai maganar ba.

Alhaji ya fito ya raba su da kyar.

"Ni na gaji," in ji shi. "Kwana biyu inji a kulle, kajin mutane na kuka. Badaru, ko hula ta fito kafin la'asar, ko in miƙa ka ga 'yan sanda ka yi musu bayani."

"Alhaji, shekara goma sha ɗaya."

"Ita ake magana a kai ai," in ji Shehu.

Ana cikin haka sai ga Bube da sandarsa a kafaɗa, ya zo sayen dusa. Bafulatani ne daga rugar da ke bayan Kaikai, dogo, siriri, magana kamar ana saye daga bakinsa. In saniya ta ɓace a ƙasar Kusada shi ake kira. Ya taɓa bin sawun bijimi kwana biyu bayan ruwa ya wanke ƙasa, ya same shi ɗaure a kangon wani. Ya tsaya ya saurara, sannan ya tambayi Alhaji abu guda.

"An yi shara tun ranar?"

"Ko tsintsiya ba ta shiga ba. Na kulle da hannuna."

"Buɗe mini."

*

Ƙasan gidan fari fat take da ƙurar masara, kullum haka take. Bube ya tuɓe takalma, ya hana kowa shiga. Ni dai na samu gefen taga, don ba a haife ni in ji labari daga bakin wani ba.

Wajen injin bai ko tsaya ba, jama'a sun tattake wurin lokacin ɗaukar Harisu. Lungun makunni ya nufa. Ya tsuguna ya daɗe, ya kwantar da kumatu kusa da ƙasa, ya miƙe ya gwada tsayin makunnin da sandarsa. Ya bi wani abu a hankali har ƙaramar ƙofar baya, ya leƙa, ya dawo.

"Wa ya shigo da rago?"

Wuri ya ɗauki hayaniya. Dawuda mutumin Yashe, da ke jiran abincin turkarsa tun ran Litinin, ya ɗaga hannu.

"Ni ne, amma igiya ya tsinke. Wallahi ban..."

"Shi ke nan!" in ji wani. "Rago ya cinye hula!"

Har na fara shirya yadda zan ba da wannan a gidan suna. Bube ya girgiza kai.

"Ragon ya tsaya inda ƙuli-ƙuli ya zube, ya ci, aka ja shi. Kuma makunnin nan ya fi kaina tsawo. Sai in ragonka tsani gare shi."

Aka yi dariya, ban da Badaru. Shi yana zaune kan dutse, hannu biyu a ka.

"Badaru," in ji Bube, "sawunka na nan, shiga ɗaya fita ɗaya, da nauyi a kanka. Na Harisu na nan ƙarƙashin naka. Tsakaninku akwai wani."

"Wa?" in ji Shehu.

"Ina Harisu yake kwance?"

Na ce ai ni na san gidan. Na bar wa wata maƙwabciya tukunya, na zura silifana, na yi gaba. Bube ya biyo ni a baya, kansa a ƙasa. Na ɗauka kunya ce irin tasu.

*

An sallamo Harisu, yana zaure kan katifa, hannun naɗe da farin bandeji ya ɗora a kan matashi. Yaro mai fara'a, duk ya zabge. Kuma wa zan tarar a bakin ƙofa da kwanon farfesu? Lami mai awara.

Lami ta zo ƙofar injin shekara uku da suka wuce, ta kafa kaskonta daidai inda inuwar darbejiya ke faɗawa da rana, ta janye mini rabin leburori da yajinta mai yawan magi. Wannan na haƙura. Abin da ban haƙura ba shi ne Harisu. Shekara guda yana zuwa zance wurin jikata Karima, wadda na raina tun tana goye. Karima ɗinkin hula take, kuma duk unguwarmu ba mai hannunta. Hular da Harisu ya yi shekara yana ratayawa a makunnin nan ita ta ɗinka. Sai bayan ƙaramar salla ƙafarsa ta ɗauke. Ran Litinin ɗin nan da safe ya iso aiki da sabuwar hula shuɗiya, ɗinkin Rukayya ɗiyar Lami.

"Inno, sannu da zuwa," in ji Lami. "An bar kunu ƙuda na sha?"

"Gara ƙuda da mai shiga gidan mutane da kwano tun ba a ɗaura ba."

Bube ya zauna kusa da Harisu.

"Ka tabbata ka rataya?"

"Baffa, in na manta sunana ban manta wannan ba. Sabuwa ce. Har na tsaya na kakkaɓe makunnin don kar ta yi datti."

"Da hannunka na ciki, mi ka ji?"

Harisu ya rufe ido. "Shiru ne, ba wuta. Na ji tafiyar silifa, fat fat, ta wajen buhuna. Na ce masu kwasar sharar dusa ne."

Na dafe ƙirji. Duk Kankia wa ke shiga kwasar sharar dusa don kajinta, ba sallama ba izini? Na juya na dubi Lami tun daga ɗankwali har ƙafa. Ga ta gajera kamar turmi.

"Malam Bube," na ce, "mai sawun nan dogo ne ko gajere?"

"Gajere. Sai da ya yi ɗage kafin ya kai."

Wallahi daɗin da na ji a lokacin, Allah Ya yafe mini.

*

A ƙofar gidan na tsare ta, mata suka leƙo ta katanga.

"Faɗa musu inda kike ran Litinin kafin azahar!"

"Ina inda kike, tsohuwar banza, ina suya kina gulma!"

Bube ya share ƙasa da tafin ƙafarsa, ya ce Lami ta taka ta wuce. Ta taka tana zage-zage. Ya duba bai ko tsuguna ba.

"Ba ita ba ce. Ƙafarta faɗi gare ta, kuma waje take jefa ta kamar agwagwa."

"Agwagwa?" in ji Lami. Ta rasa ko murna za ta yi ko faɗa.

"Ta canza takalmi ne," na ce.

"Inno, mi zai sa ta sace hular da ɗiyarta ta ɗinka? Ita so take duk gari ya gan ta a kan yaron. Wanda ya ɗauke hular nan, ganinta ne ba ya so."

Sai na ce to ai mun koma kan Badaru. Bube ya saɓa sandarsa. Ya ce yana jin ƙishi, ko kunun nawa ya rage.

*

Muka koma tabarmata. Na tuɓe silifa na zauna, na zuba masa. Ya sha rabi, ya ajiye kofi, ya miƙa hannu ya ɗauki silifana na hagu ya kifa shi.

Igiyarsa ta taɓa tsinkewa, na soke ta da ƙusa ta ƙasa, a gicciye. Wata huɗu ke nan.

"Tun safe nake bin ƙusar nan," ya ce a hankali, yadda ba mai ji sai ni. "Tana lungun makunni. Tana ƙofar baya. Tana gabana duk hanyar gidan su Harisu."

"Bube, ni? Ni da na san dokar hula tun kafin a haifi..."

"Takalminki ne. Ƙafar ba taki ba ce. Ke dunduniya kike ja, kina jingina a dama saboda gwiwa. Waccan ta tsaya kan yatsu, ta fita da sauri, taku mai nisa. Ƙafar yarinya ce. Kuma ba ta san gidan ba, sai da ta kewaya sau biyu tsakanin buhuna kafin ta ga ƙofa." Ya ajiye silifan. "Wa ke sa takalminki, Inno?"

Sai Litinin ta dawo mini tar.

Karima ta kawo mini ƙarin ƙullun ƙosai da hantsi. Ba ta saba zuwa ba. Ta ci kwalliya, da takalminta mai tsini na salla, na san don wa. Ni kuma tun safe abin ke ci na, sai na ce mata, "Kin yi kwalliyar banza. Shiga ki ga abin da ke kan Harisunki. Ɗinkin ɗiyar mai awara, zare na kuka, amma shi ya fi mishi naki." Na faɗa, na juya baya, don wata mata daga Sukuntuni ta zo da labarin wani saki mai daɗi. Bayan an tafi da Harisu asibiti na nemi silifana na same su a juye, sun yi fari. Karima kuwa ba ta nan. Na ce jini ne ba ta iya gani.

Kwana biyu ba ta ci abinci ba. Na ce tausayin Harisu ne, har ina yi mata faɗa.

"Ni ƙasa kawai nake karantawa," in ji Bube. "Ƙasa ba ta zuwa gaban hukuma ta yi magana. In na ce silifanki ne, za ki ce kowa na iya sawa, kuma gaskiya ne. La'asar ta kusa. Badaru yana da 'ya'ya biyar."

Ya shanye kununsa ya tashi.

*

Na same ta a ɗaki, ƙyallen hula a cinya, allura ko zare babu.

"Ina take?"

Ba ta ce mi ba. Ta jawo gwangwanin zarenta daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Ga shuɗiyar hula an dunƙule. Gefe guda an bi ɗinkin da reza an warware, zare ya yi buzu-buzu.

"Na shiga in gan shi," ta ce. "Ban gan shi ba, sai ita, a rataye a sama kamar tuta. Kamar don ni aka rataya. Na ce ba za ta kwana a kanshi ba. Inno, wallahi ban san abin da take nufi ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Ina bayan gidan ina yanka ta na ji ihun."

Na zauna a bakin gado. Ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fara zo mini shi ne murhu. Wuta na ci a tsakar gida, hula ɗaya ba ta minti biyu. Badaru namiji ne, zai sha wuya ya fito. Ita kuwa wa zai sake tako ƙofarmu? Kuma Lami. Lami za ta yi shekara tana soya awara da wannan labarin.

"Kawo ta," na ce. "Ba wanda ya gani."

Ta riƙe gam. "Jiya matar Badaru ta wuce nan da goyo, tana kuka, mata na nuna ta. Kin san mi suke cewa? Abin da kika ce ya ce."

"Ni gaskiya na faɗa, ya faɗi haka!"

"Ni ma ke kika ce in shiga in gani."

Shekara ashirin da biyu ina rainon yarinyar nan, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni haka ba. Aka kira la'asar muna zaune.

*

A cikin gidan injin aka taru bayan salla. Alhaji da mai unguwa kan benci, Shehu tsaye, Harisu an kawo shi a babur yana rungume da hannunsa. Lami da Dawuda mai rago suna bakin ƙofa, leburori sun hau buhuna. Badaru shi kaɗai a tsakiya. Alhaji har ya fito da waya.

"Malam Bube, muna jinka."

"Harisu ya rataya hula, gaskiya ya faɗa. Badaru bai tarar da ita ba, shi ma gaskiya ya faɗa. Saura mai magana ta uku." Ya dubi ƙofa.

Na shigo ina jan gwiwa. "Ni ce," na ce. "Ga silifan, ga ƙusar. Ni na ɗauke."

"Ke?" in ji Lami. "Ko kujera aka ba ki ba ki kai wa makunnin nan."

Karo na farko da matar nan ta faɗi gaskiya, kuma sai da ta zaɓi ranar.

Karima ta ratso ta bayana, ta durƙusa gaban mai unguwa, ta ajiye hular a kan farar ƙasa. Ta faɗi komai, ba ta rage ba, sai abu guda. Ba ta ce ni na tura ta ba. Wannan ni na faɗa da bakina, kuma ya fi mini haihuwa wuya.

Harisu ya daɗe yana kallon hular da aka yayyanka.

"Karima," ya ce, "da kin tambaye ni ita, da na cire na ba ki."

Ta kifa kai a ƙasa. Mai unguwa ya ce wannan magana ce ta gida biyu, za a zauna da manya gobe. Alhaji ya mayar da waya aljihu, ya yi gyaran murya, ya saki fuska.

"To alhamdu lillahi. Badaru, ka ga Allah Ya wanke ka. A yi haƙuri, zafin abu ne. Shehu, ba shi hannu. Kuma tunda Harisu sai ya warke, daga yau sabon injin naka ne. Ga wuta nan an kawo, ga mutane na jira. Bismilla."

Shehu ya miƙo hannu. Badaru bai ko dube shi ba.

"Sau nawa na ce a sa wa makunnin nan akwati da kwaɗo, Alhaji? Sau huɗu. Ka ce hula ta isa." Ya juya ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Na ji haushi da aka ba yaron nan inji, ban ɓoye ba. Har gobe ina ji. Amma ni na koya mishi inda ake rataya hula. Ni na naɗe hannun nan da tsumman buhu. Shekara goma sha ɗaya, ba a samu mutum ɗaya a cikinku da ya ce Badaru ba zai yi haka ba. Sai baƙo daga ruga, shi ma ƙasa ya tambaya." Idonsa ya tsaya a kaina. "Ke kuma Inno, kofi nawa na sha a wurinki?"

Na sunkuyar da kai ina kallon silifana. Ni da ba a taɓa rufe wa baki ba.

Ya taka zuwa lungun, muka ji Alhaji ya sauke ajiyar zuciya. Badaru ya cire tsohuwar hularsa da ta yi fari da ƙura, ya miƙa hannu, ya rataya ta a kan makunni.

"Kun san doka," ya ce. "Sai mai ita."

Ya ratsa mu, ya kama ƙofar ƙarfen da hannu biyu, ya fita, ya buga ta da ƙarfin da sai da ƙurar masara ta zubo mana daga rufi.